Mutumin da Ke Tafiya a Bayan Auta

A layinmu kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. A otal ɗin da take aikin guga ma haka ne. Manaja da kansa idan ya leƙo ɗakin wanki, cikin tururi da ƙarar injina, sai ka ji ya ce, "Yaya, tawul ɗin ɗakunan sama fa?" Ita kuma ba ta ɗago kai, sai ta nuna masa da haɓa.

Daga gida sunan ya biyo ta. Ita ce babba a ɗakinsu, kuma mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata jinjiri tun ita kanta ba ta iya ɗaura zani da kyau ba. Ta goya shi, ta yi masa wanka, ta raka shi makaranta, ta yi dambe da duk yaron da ya taɓa shi. Sauran 'yan'uwan suka watse, wasu aure ya kai su nesa, wasu neman abinci. Ita da Auta suka rage.

Ta auri wani direban babbar mota, mutum mai barkwanci. Yakan ce wa maƙwabta, "Ni fa ɗan haya ne a gidan nan. Idan aka soya kifi, tsakiya ta Auta ce, ni da mage mu raba kai da wutsiya." Yana faɗa yana dariya, amma kowa ya san akwai gaskiya a ciki. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu, ta ci gaba da zama a ɗaki biyu da falon da ya bar mata, a bayan shagon mai aski.

Auta ya tashi ya koyi gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, har ya yi suna. Abokan aiki Injiniya suke ce masa. Ana cikin maganar aurensa ciwon suga ya taɓa masa ido. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi. Maganar aure ta mutu ba tare da wani ya ce ya fasa ba, shagon ya koma hannun wani, shi kuma ya dawo wurin Yaya da akwati ɗaya da rediyo.

Ta karɓe shi kamar dama jira take. Ta kwashe duk abin da zai iya tuntuɓe da shi, ta ba kowane abu mazauni. Kofinsa a kan taga, silifas a bakin gado, maganinsa a aljihun labule. Ita ke yi masa allura da safe kafin ta fita, ita ke yanke masa farce. Idan za su asibiti sai ta damƙe wuyan hannunsa ta ja shi, kamar yadda take tsallakar da shi titi yana yaro. Sandar da aka ba shi a asibiti kuwa tana jingine a bayan ƙofa, tana shan ƙura.

"Me za ka yi da sanda ina raye?" in ji ta.

Shekaru suka tafi a haka. Auta ya yi ƙiba, ya yi shiru. In ka wuce da rana sai ka hango shi ta taga, rediyo a kan ciki.

Wata nas a asibitin ido ce ta kawo maganar wata manhajar waya. Ta ce akwai wata ƙungiya da ke haɗa masu buƙatar taimako da 'yan sa-kai ta waya, ba a biyan ko sisi. Mutum ya faɗi abin da yake so, a nemo masa wanda ke da lokaci. Yaya ta ce sun gode, ba su rasa komai ba. Amma Auta, wanda rabonsa da musa mata magana har an manta, ya miƙa wayarsa mai magana ya ce, "Sa mini, Sista."

Tsarin nasu yana da dokoki. Ɗan sa-kai ba ya bayyana da sunansa na gaskiya, sai laƙabi da hoto da wata alama kore mai nuna cewa ofis ya tantance shi. Kira ta cikin manhajar yake bi, ba wanda ke ganin lambar wani. Haɗuwar farko a wurin jama'a ake yi. Idan an fita, mutum ɗaya da mai neman taimakon ya zaɓa yana iya ganin inda suke a taswira. Akwai kuma jan maɓalli na gaggawa.

Wanda aka haɗa su da shi Dogo ne laƙabinsa. A harabar asibitin suka fara haɗuwa, Yaya na zaune a benci tana ƙare masa kallo. Magidanci ne mai sanƙo, da jaka a kafaɗa, takalminsa ya sha hanya. Ya rusuna ya ce, "Ina wuni, Yaya."

"Lafiya," ta ce. "Amma ni ba yayarka ba ce."

Ya yi murmushi, ya juya ga Auta. "An ce mini gyaran firij kake yi. Ashe da Injiniya aka haɗa ni."

Yaya ta ga fuskar ƙaninta ta buɗe kamar an ɗaga labule. Rabon da wani ya kira shi da wannan suna tun idonsa na gani. Ita ba ta taɓa kiran sa da shi ba, don a wurinta Auta ne. A nan abin ya fara yi mata tsaye a rai.

Dogo ya riƙa zuwa ranar Asabar da wata rana a tsakiyar mako. Yakan tsaya a bakin shagon mai aski, ba ya shiga gida, don dokarsu ta ce sai an gayyace shi, Yaya kuma ba ta gayyata ba. Auta ya sa aka goge masa sanda. Ya fara tambayar wace riga ce aka ba shi, shuɗiya ko mai layi-layi. Idan ya dawo, bakinsa ba ya rufuwa. Dogo ya ce kaza. Dogo ya kai shi ya taɓa sabuwar gadar masu tafiya a ƙasa. Dogo ya ce shayi ba suga ya fi daɗi idan an sa citta.

"Shekara nawa ina ce maka ka sha da citta?" ta ce.

"Ai ke faɗa kike yi, Yaya. Shi faɗa mini ya yi."

Ta ajiye butar da ƙarfi har murfin ya yi tsalle.

A wurin aiki ma abokan guga sun ga canji. Ta ƙona gefen zanin gado, abin da ba a taɓa gani ba. Wata ta tsokane ta, "Yaya, ko an yi miki ƙwacen ɗa ne?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita tsoro take ji. Mutumin da ba ka san sunansa ba, ba ka san gidansa ba, ba ka san uwarsa da ubansa ba, shi za ka miƙa wa makaho? Idan ya kai shi wani wuri ya yar fa? Maganar tata akwai hankali a ciki, kuma duk wanda ya ji sai ya gyaɗa kai. Sai dai mu da muka san ta mun lura ba ta yin wannan tsoron sai ranar da Auta ya dawo yana dariya.

Abin da ya ƙara hura wutar, wata Asabar ta dawo da wuri ta tsaya a shagon mai aski tana tambaya ko sun dawo. Mai aski, almakashi a hannu, ya duba wayarsa ya ce, "Suna hanya. Ga su nan sun wuce gidan mai."

"Kai ta ina ka sani?"

Ya gane ya yi suɓul da baka, amma ba hanyar komawa. "Ai ni Auta ya sa nake ganin inda suke."

Ta tsaya tana kallon ɗan ɗigon da ke motsi a fuskar wayar. Ita ta goya shi, ita ta share masa majina, amma mai aski ne ke ganin inda yake. Da ta zuba wa Auta abinci ranar, ta tura masa kwanon ba tare da ta gaya masa inda nama yake kamar yadda ta saba yi ba.

Ranar hutunta ta gaba ta ce za ta kasuwa, ta fita ta laɓe a bayan wata mota da aka ajiye. Da suka fito ta bi su daga nesa. Dogo bai riƙe Auta ba. Auta ne a gaba, yana kaɗa sanda dama da hagu, Dogo yana biye a baya, hannuwansa a aljihu. Auta ya bugi turken fitila da kafaɗa, Dogo bai yi motsi ba. A bakin babban titi Auta ya tsaya yana saurare, motoci na wucewa, shi kuma mutumin yana tsaye a bayansa kamar mai jiran canji. Sai da Auta ya ɗaga sanda ya sa ƙafa, sannan Dogo ya matso gefensa suka tsallaka.

Ta ji tsoro na gaske a lokacin. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai kama da daɗi, don ta samu abin da take nema.

Washegari ta nemi izini a wurin aiki ta tafi ofishin ƙungiyar. Ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, da tebur biyu da fanka mai kuka. Wata mata mai tabarau ta ba ta kujera da ruwa.

"Sunansa nake so, da inda yake zaune," in ji Yaya. "In je in ga daga wane gida ya fito."

"Mama, ba zan iya ba ki ba."

"Ƙanina ne fa. Ni na raine shi."

"Na yarda. Mu mun san sunansa. Mun ga katinsa, mun je inda yake aiki, an bincika mana ko ya taɓa yin laifi, mutum biyu sun tsaya masa. Idan wani abu ya faru, ba inda zai ɓuya. Amma mun yi masa alkawari ba za mu ba kowa adireshinsa ba. A cikin 'yan sa-kanmu akwai matar da wani ya bi ta har ƙofar gida don ta daina zuwa wurin mahaifinsa. Shi ma Dogo bai san komai game da ku ba sai abin da ƙaninki ya yarda a faɗa masa."

"To ku sa ni in riƙa ganin inda suke. Ku cire mai aski."

"Wannan ma ƙaninki ne zai canja. Babban mutum ne, Mama."

Kalmar ta yi mata zafi fiye da ƙin. Sai ta gyara zama ta ba da labarin titi. Ba ta yi ƙarya ba, amma ta faɗi turken fitila, ta faɗi hannuwa a aljihu, ta bar wurin da Dogo ya matso suka tsallaka tare. Matar ta daina murmushi, ta jawo kwamfuta.

"Wannan ƙorafi ne na tsaro, dole mu ɗauke shi da muhimmanci. Za mu dakatar da fitarsu har mu ji daga bakin kowa."

Yaya ta sauko matakala tana jin kanta sakayau.

Da yamma wayar Auta ta karanta masa saƙon dakatarwar da muryarta ta ƙarfe, Yaya na tsaye tana yanka albasa. Ya juyo wajenta.

"Ke ce?"

"Ni ce. Na gan ku. Ko hannunka bai riƙe ba."

"Ni na ce kada ya riƙe." Muryarsa ba ta tashi ba. "Abin da na nema ke nan tun ranar farko, wanda zai koya mini tafiya ni kaɗai. Yaya, hannuna ya gaji da riƙo. Idan kika kwanta ciwo gobe, wa zai sayo miki magani? Ko so kike mu zauna mu biyu muna kiran mai aski ta taga?"

"Shi ya sa ka ba shi ya riƙa ganin ka, ni ka hana ni?"

"Da ke na ba, da kin bar guga kin zauna kina kallon waya. In na tsaya shan ruwa ki ce me ya tsayar da ni. Shi mai aski sai in na daɗe yake dubawa."

Ta ce albasa ce ke sa ta hawaye, duk da ba wanda ya tambaye ta.

Ofis suka kira Auta, suka kira Dogo, suka ce za su aiko wani ya ga yadda suke tafiya kafin a ɗage dakatarwar. Abin ya ɗauki lokaci, don ma'aikatan ba su da yawa. Gidan ya koma shiru irin na da, har ya fi. Auta yana cin abin da aka ba shi, yana cewa an gode, kamar baƙo. Yaya ta samu abin da take so, ga shi a gida kullum, amma ko kallon kirki ba ta iya yi masa.

Wata rana da hantsi tana tsakiyar guga wayarta ta yi ƙara. Matar ofis ce.

"Mama, kada ki tsorata. Ƙaninki ya fita shi kaɗai, ya faɗa wani rami da masu gyaran famfo suka haƙa kusa da gidan mai. Ya danna jan maɓalli. Yana magana, ƙafarsa ce ta bugu. Na turo miki inda yake."

Ta bar dutsen guga a tsaye, wata ta kashe mata. A cikin mota, tsakanin addu'a da addu'a, wata tambaya ta riƙa dawo mata, har ta sake kiran matar.

"Me ya sa ni kika kira? Ba mai aski ne naku ba?"

"Wancan na yawo ne. Na gaggawa ke ya sa tun farko. Ya ce in lafiya ce a ƙyale ki ki yi aikinki, in ba lafiya ba kada a kira kowa kafin ke."

Ta same shi zaune a bakin ramin, mutane sun fito da shi, wando ya yage, gwiwa na jini, sandar na hannunsa bai sake ta ba. Tun kafin ta yi magana ya juyo.

"Yaya ce. Na ji ƙamshin sabulun otal."

Ta duƙa ta duba ciwon, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure. Ta buɗe baki za ta ce ai ga irinta nan, sai ta tuna cewa da Dogo yana bayansa, da ya ce masa ga rami, kuma ta san wanda ya hana Dogo zuwa. Ta rufe bakin.

Targaɗe ne, ba karaya ba. Yana jinya ta sake hawa matakalar kantin maganin, ta ce wa matar mai tabarau akwai abin da ba ta ƙarasa faɗa ba a labarin titi. Matar ta saurara, ta ce dama binciken ya nuna haka, amma ta ji daɗi da ta zo da kanta. Ta ƙara da cewa daga yanzu idan ɗan sa-kai zai koya wa mutum tafiya shi kaɗai, za su tambayi mutumin ko ya yarda a yi wa iyalinsa bayani tun farko, don kada wani ya gani daga nesa ya firgita.

Da Auta ya warke, Dogo ya dawo. Ya tsaya a bakin shagon mai aski kamar kullum. Yaya ta leƙo ta ce, "Sai ka shigo mana, ka tsaya a rana kamar mai tallan katifa." Ya shigo, ya zauna a bakin kujera, ta ba shi shayi a kofin baƙi. Bai yi maganar ƙorafin ba, ita ma ba ta yi ba. Ta dai gaya masa rigarsa ba ta ga guga ba, ya ce gaskiya ne.

Kada a ce ta daina kishi, don ba ta daina ba. Har yau idan Auta ya ce "Dogo ya ce," sai ta ce, "To, malamin duniya ya yi magana." Da Auta ya fara zuwa wani shagon gyaran firij a bayan kasuwa, inda yake kasa kunne ya gaya musu abin da ke damun inji su kuma su kwance, sai ta ce wa kowa ita ta fara ba shi shawarar. Ba ita ba ce. Ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aikin otal, kuma yanzu Auta ne ke zuwa kantin magani ya karɓo mata na shafawa. Idan ya kawo sai ta juya kwalin ta ce ba irin wannan take so ba, sannan ta shafa.

Kwanan baya ta shigo gidanmu ko sallamar kirki babu, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ashe akwai wata bazawara mai sayar da kayan ɗinki kusa da shagon firij, kuma magana ta yi nisa tsakaninta da Auta. Mai aski ya sani. Masu shagon sun sani. Dogo ma har ya taɓa raka shi gaida mahaifin matar.

"Ni ce ta ƙarshe," ta ce. "Ni da na goya shi. Wai yana tsoron yadda zan ɗauka. Yaya zan ɗauka? Cizo nake yi?"

Muka ce ta yi haƙuri, abin farin ciki ne. Ta ce ita ma ta san abin farin ciki ne, ba sai an koya mata ba.

Washegari ta ci ado ta tafi sayen zare da ba ta buƙata. Ta daɗe a can. Da ta dawo muka tare ta a bakin layi muka ce yaya ta ga matar.

"Ba laifi," ta ce. "Tana da tsabta. Ta ba ni kujera, ta tambayi gwiwata." Ta juya zaren a hannu. "Injiniya take ce masa ita ma. Sai na zaunar da ita na koya mata yi masa allurar sugan nan tukuna, don na ga hannunta yana da rawa."

Ta wuce gida tana ɗingishi, ta ce za ta duba ko ɗakin baya zai ɗauki gado babba.